Sharhi kan wani gidan kallon zari-ruga a Kano da zaman da ake yi bayan wasa

Duk mai son kallon wasan zari-ruga a birnin Kano ya san cewa gidajen kallo ba su yi ƙaranci ba, domin da wuya a sami unguwar da babu ɗaya ko biyu, tun daga Fagge har Hotoro. Matsalar ita ce kusan dukkansu na ƙwallon ƙafa ne, kuma duk mai gidan da ya kuskura ya juya tasha daga wasan Arsenal ko Real Madrid zuwa wasan da ake rungumar ƙwallo ana gudu da ita, to ya shirya mayar wa jama'a kuɗinsu. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kan wani gidan kallo da ke bayan titin Gidan Zoo, wanda ya ware ɗaki guda domin zari-ruga, ya kuma ƙara da zaman tattaunawa bayan an tashi wasa. A ganina wurin ya cancanci kuɗin da ake biya. Kayan aikinsa matsakaita ne, amma zaman bayan wasan, musamman idan aka taɓo labaran shan ƙwayoyin ƙara kuzari da rigingimun 'yan wasa, abu ne da ban san wani wuri a garin nan da ake yin irinsa ba, ko da yake a cikinsa ne babban aibin gidan yake.

Ɗakin yana can ƙuryar gidan, sai an ratsa babban zauren 'yan ƙwallon ƙafa kafin a kai gare shi. Talabijin ɗaya ce babba a jikin bango, hotonta tas, sai bencina masu majingina da 'yan kujerun roba a sahun gaba waɗanda aka saba bar wa dattawa. Gidan yana aiki da sola da batir, saboda haka ɗauke wuta ba ta katse kallo, kuma babu ƙarar janareta. Akwai tabarmi da butoci a tsakar gida, ana kuma tsayar da jam'i idan lokacin salla ya yi. Fankokin sama suna juyawa, amma a watan Maris, lokacin da ake ƙarasa gasar Ƙasashe Shida ta Turai kuma zafin Kano ya fara kankama, ɗakin yakan yi ɗumi fiye da kima saboda tagarsa ɗaya ce. Kuɗin shiga daidai yake da na zauren ƙwallon ƙafa, ba a kuma karɓar komai domin zaman bayan wasa. Mai gidan yana buɗewa da sassafe idan ana wasa a New Zealand, wanda kan faɗo wajen ƙarfe takwas na safiyar Asabar agogon Najeriya, sai dai idan ranar ta dace da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, sai mutum ya haƙura ya kalli maimaici.

Abin da ya fi damuna a ginin shi ne bangon da ya raba ɗakin da babban zaure, wanda na katako ne. A zari-ruga alƙalin wasa yana ɗauke da makirfo a jikinsa, ana jin duk abin da yake faɗa wa kyaftin da kuma shawarar da yake yi da alƙalin da ke duba bidiyo, kuma rabin fahimtar wasan yana cikin wannan magana. To, da zarar an ci ƙwallo a zauren makwabta, ihun yakan rufe komai, sai ka ga alƙali ya ɗaga kati ba tare da ka ji dalili ba. Na biyu, idan babban wasan Firimiya ya faɗo lokaci ɗaya da na zari-ruga kuma zaure ya cika, mai gidan yakan mayar da ɗakin na rarar 'yan ƙwallon ƙafa. Ya taɓa faruwa mun taru domin wasan Ingila, muna son ganin Maro Itoje, ɗan asalin Najeriya da aka naɗa kyaftin ɗin Ingila a watan Janairun 2025, sai muka tarar ɗakin cike da magoya bayan Manchester United. An ba mu haƙuri da ladabi, amma da an sanar tun da wuri da babu wanda zai ɓata kuɗin adaidaita.

Mai jan zaman tsohon malamin motsa jiki ne na wata makarantar sakandare, wanda ya buga wasan a ƙuruciyarsa, kowa kuma Malam yake kiransa. Masu zama ba su da yawa: ɗaliban jami'a, da matasan da ke buga wasan a nan Kano, garin da ke da kulob ɗin Barewa, da wani mai shagon magani, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jarida, da 'yan mutane daga Sabon Gari. Da Hausa ake yin zaman. Malam yakan fara da fayyace hukunce-hukuncen alƙali da suka rikita sababbin 'yan kallo, kamar dalilin da ya sa mai katin gargaɗi yake fita na minti 10, sannan ya buɗe wayarsa ya karanto labaran mako daga jaridun Ingila da Faransa da Afirka ta Kudu yana fassarawa.

Ƙa'idarsa guda ce ta sa nake ganin zaman yana da daraja, wato ba ya karanta labarin zargi sai ya faɗi matakin da shari'ar take. Ya sha bayyana cewa idan aka ɗauki fitsarin ɗan wasa, ana raba shi kwalba biyu, a gwada ta farko, idan aka sami wani abu ɗan wasan yana da ikon neman a buɗe ta biyu a gabansa ko gaban wakilinsa. Daga nan sai dakatarwar wucin gadi, sai zaman kwamitin ladabtarwa, sai kuma ɗaukaka ƙara da kan iya kaiwa kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a Switzerland. Dokar WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, wadda aka kafa a 1999, ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma tun daga 2015 hukuncin wanda ya sha ƙwayar gina jiki da gangan shekara huɗu ne. Tsakanin ranar da labari ya fito da ranar yanke hukunci ana iya shafe wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma ƙorafin 'yan ɗakin gaba ɗaya shi ne kafafen yaɗa labarai suna nan a ranar farko, amma a ranar ƙarshe ba a cika ganinsu ba. Dattijon ɗan jaridar ya kwatanta abin da ihun ɓarawo a Kantin Kwari, inda kowa yake jin ihun, amma babu mai tsayawa ya ji cewa an gano turmin atamfar a ƙarƙashin tebur.

Misalin da Malam ya fi kawowa shi ne na Dan Carter, shahararren ɗan wasan New Zealand. A watan Yunin 2016 kulob ɗinsa na Faransa, Racing 92, ya doke Toulon a wasan ƙarshe na gasar ƙasar, wanda aka buga a Barcelona. A watan Oktoba jaridar L'Équipe ta buga cewa an sami ɓurɓushin wani maganin kumburi a fitsarin Carter da Joe Rokocoko da Juan Imhoff, labarin kuma ya zagaya duniya da sunan Carter a gaba. Abin da yawancin kanun labarai ba su ɗauka ba shi ne dokar wancan lokaci ta yarda a yi wa ɗan wasa allurar irin wannan magani a gaɓar da ke ciwo, abin da ta hana shi ne haɗiyarsa ko yin allurarsa a jijiya ko tsoka lokacin gasa. Kafin watan ya ƙare hukumar zari-ruga ta Faransa ta wanke su ukun. Malam yakan haɗa wannan da labarin da kowa a ɗakin ya sani, na Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022. A watan Yulin 2023 aka tuhume ta da saɓa dokar sanar da inda take domin gwaji har sau uku cikin wata 12, mutane da yawa a Najeriya kuma suka ɗauka an kama ta da ƙwaya ne, alhali tuhumar ba ta ce an sami komai a jikinta ba. An wanke ta a watan Agusta, kotun Lausanne kuma ta tabbatar da hakan a 2024. Bambanta irin wannan da na Blessing Okagbare, wadda aka samu da sinadarin haɓaka jiki lokacin gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, hukuncinta kuma ya kai shekara 11, aiki ne da ya kamata gidajen rediyo su riƙa yi, sai ga shi a wani ɗaki mai bangon katako ake yinsa.

Har zuwa nan ba ni da abin cewa sai yabo. Inda na fara rabuwa da gidan shi ne batun Afirka ta Kudu.

Kusan kowa a ɗakin yana goyon bayan Springboks, ƙungiyar ƙasar Afirka ta Kudu, kuma dalilin a bayyane yake. Ƙasar Afirka ce, ta ɗauki kofin duniya sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, kuma biyun ƙarshe a ƙarƙashin Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗinta a wasan da a da ake yi wa kallon na fararen fata. Wasannin ma ta tashar SuperSport ta Afirka ta Kudu ake kallonsu, inda yawancin masu sharhi tsofaffin 'yan wasan ƙasar ne. Ra'ayin da ya yi rinjaye a zaman shi ne jaridun Turai suna da ƙullalliya da ƙungiyar. Hujjar da ake yawan kawowa ita ce wani hoton 'yan wasan da ya yaɗu kafin gasar kofin duniya ta 2019 a Japan, suna tsaye babu riguna bayan atisaye, jikin kowa a murɗe, wanda wasu marubuta, musamman a Ireland, suka ɗauke shi abin zargi, har bayan da ƙungiyar ta doke Ingila da ci 32 da 12 a wasan ƙarshe aka ci gaba da raɗe-raɗin. 'Yan ɗakin suna tambayar yadda hoto zai zama shaida, ina kuma tare da su a nan, domin ƙwanji ba sakamakon gwaji ba ne. Suna ƙara da cewa a Birtaniya kanta 'yan zari-ruga suna cikin waɗanda suka fi yawa a jerin mutanen da hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasar ta dakatar, amma da yake akasarinsu 'yan ƙananan kulob ne a Wales da Ingila waɗanda ba a san sunansu ba, labarinsu ba ya wuce layi biyu a can ciki. Wannan ma gaskiya ne.

Sai dai gaskiyar ba ta tsaya nan ba, kuma a nan ne Malam, wanda yake da tsantseni a kan kowa, yakan yi sassauci. Aphiwe Dyantyi shi ne aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa na duniya a 2018. A watan Yulin 2019, a sansanin atisayen ƙungiyar ƙasa, aka ɗauki fitsarinsa aka sami sinadarai uku na gina jiki, gasar kofin duniya ta wuce shi, aka kuma dakatar da shi shekara huɗu duk da ya ce bai sha da gangan ba, sai a 2023 ya dawo wasa da kulob ɗin Sharks. Elton Jantjies, wanda yana cikin tawagar da ta ci kofin 2019, an same shi da haramtaccen sinadarin clenbuterol a 2023, aka yanke masa shekara huɗu a watan Janairun 2024. Labarin Chiliboy Ralepelle ya fi kowanne koyar da darasi ga mai son sanin yadda ake riƙe labari. A 2010 aka maido shi gida tare da Bjorn Basson daga rangadin Turai saboda wani sinadari, daga baya aka wanke su domin an gano yana cikin abin ƙarin kuzarin da ƙungiyar da kanta ta ba su. A 2014, yana kulob ɗin Toulouse, aka sake samunsa da wata ƙwayar, aka dakatar da shi shekara biyu. A 2019 aka kuma samunsa da wani haramtaccen sinadari mai suna zeranol, aka ba shi shekara takwas a 2020. Idan Malam ya zo kan wannan labari yakan daɗe a 2010, ya bi 2014 da 2019 da sauri. Haka kuma ba na jin ana tsayawa a kan Craven Week, babbar gasar 'yan makarantun sakandare ta ƙasar, inda a 2018 aka sami ɗalibai shida da ƙwayoyin gina jiki. Hukumar gwajin Afirka ta Kudu ce ta kama yaran nan, ba wata jaridar Landan ko Dublin ba.

Wata rana wani ɗalibi ya taso da wannan magana, ya miƙe daga benci ya ce: “Malam, Allah ya gafarta, idan mun ce jarida ta zalunci Carter domin ta faɗi zargi ba ta faɗi wankewa ba, mu da muke faɗin wankewar Ralepelle mu tsallake kamunsa biyu, mene ne sunan abin da muke yi?” Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce: “Yaro, ka yi tambaya. Amma ka sani, ƙasar da take gwaji da yawa ita take kama mutane da yawa.” Amsar tana da ƙamshin gaskiya, kuma hukumomin Afirka ta Kudu ma sun sha kawo irin wannan hujja, sai dai ba ta amsa tambayar da aka yi ba, domin ɗalibin bai tambayi dalilin yawan kamu ba, ya tambayi dalilin da ya sa ake ɓoye rabin labari. Abin da ya burge ni shi ne ba a hantare shi ba, dattijon ɗan jaridar ma ya mara masa baya, ya tunatar da cewa a daidai lokacin gasar kofin duniya ta 2023 WADA ta ce dokokin Afirka ta Kudu ba su dace da nata ba, har aka yi fargabar za a hana ɗaga tutarta a gasar, sai ɗaukaka ƙara ce ta jingine hukuncin, sannan a 2024 aka dakatar da lasisin ɗakin gwaje-gwajen ƙasar da ke Bloemfontein. A wajensa matsalar dokoki da ta ɗakin gwaji ba hujja ba ce cewa 'yan wasa suna sha, amma ba abin da za a share da kalmar makircin Turawa ba ne.

Wannan kalma ta makirci ita ce cutar zaman. Tana da daɗin faɗa, tana kashe muhawara nan take, kuma tana sa saurayin da ya zo koyon yadda ake tantance labari ya koma gida da wani sabon son rai a madadin tsohon. Ya kamata a lura cewa tashar da ke da haƙƙin nuna wasa tana da nata dalilin na rashin tsawaita magana a kan abin kunya, tun da wasan shi ne hajarta, masu sharhinta kuma abokan waɗanda ake magana a kansu ne, kamar yadda jaridar ƙasar da aka doke take da nata dalilin na tsawaitawa. Wanda yake kallo ta tasha guda, sannan ya saurari fassarar mutum guda mai goyon bayan ƙungiya guda, ya kamata ya san cewa ta ƙofa ɗaya labarin yake shigo masa.

Zaman da na fi ganin amfaninsa shi ne wanda aka yi a kan tramadol. Daga ranar 1 ga Janairun 2024 WADA ta sanya wannan magani cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa, kuma labarin bai sami wani muhimmanci a shirye-shiryen wasanninmu na Hausa ba, alhali babu garin da ya kamata ya ja hankalinsa kamar Kano, inda kowa ya san ɓarnar da ƙwayar ta yi wa matasa, kuma ba a manta da yadda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan binciken BBC ba. Mai shagon maganin ne ya karɓi zancen a ranar. Ya bayyana cewa tramadol ba ya gina tsoka, ciwo yake dusashewa, kuma a wasa irin zari-ruga, inda ake karo da kafaɗa da ƙirji tsawon minti 80, wanda ba ya jin ciwo zai ci gaba da wasa a kan raunin da ya kamata ya fitar da shi daga fili, ga jiri da raguwar natsuwa da maganin kan kawo, ga kuma kamuwa da shi. Ya ja kunnen matasan game da garin gina jiki da ake sayarwa a wuraren ɗaga ƙarfe, wanda sau da yawa abin da ke cikin gwangwanin ya fi abin da aka rubuta a jikinsa, ya ce duk mai burin buga wa Black Stallions, ƙungiyar Najeriya, ko samun kulob a waje, ya san cewa faɗin ban sani ba ba ya soke laifi, iyakarsa ya rage hukunci, kamar yadda kotun Lausanne ta rage wa Paul Pogba daga shekara huɗu zuwa wata 18 a 2024. Na ga wasu samari biyu suna ɗaukar hoton sunayen da ya rubuta a bayan takardar jadawalin wasanni. Da wannan kaɗai ake yi a ɗakin, da ya isa dalilin zuwa.

A kan rigingimun da ba na ƙwaya ba, zaman ya fi daidaito, wataƙila domin ɗakin yakan rabu biyu. Bayan wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2023, wanda Afirka ta Kudu ta ci Ingila 16 da 15, Tom Curry na Ingila ya yi zargin cewa Bongi Mbonambi na Afirka ta Kudu ya yi masa zagin launin fata, hukumar zari-ruga ta duniya ta bincika ta ce babu isasshiyar shaida, hukumar Ingila kuma ta nuna rashin jin daɗinta. Malam ya tsaya a kan cewa rashin isasshiyar shaida ba ya nufin an tabbatar da laifi, ba ya kuma nufin mai ƙorafi maƙaryaci ne, ya soki waɗanda suka bi Curry da iyalinsa da zagi a shafukan sada zumunta. Haka aka yi wa Owen Farrell, kyaftin ɗin Ingila a lokacin, adalci, ko da yake ba shi da masoya a ɗakin. An ba shi jan kati a wasa da Wales a watan Agustan 2023, kwamiti ya soke, aka ɗaukaka ƙara aka dakatar da shi wasa huɗu, surutun kuma bai lafa ba har ya sanar a watan Nuwamba cewa zai huta da buga wa Ingila domin kwanciyar hankalinsa da na iyalinsa. Wayne Barnes, alƙalin da ya ba Sam Cane, kyaftin ɗin New Zealand a lokacin, jan kati a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023 da Afirka ta Kudu ta ci 12 da 11, ya yi ritaya kwanaki kaɗan bayan wasan, ya kuma yi magana a fili game da barazanar da aka riƙa yi masa da iyalinsa. Ra'ayin da na ji ya fi ƙarfi a nan shi ne jaridu suna yanko daƙiƙa goma na bidiyo su maimaita har mako guda, sannan idan abin ya kai ga barazana su koma suna rubuta sharhin Allah wadai da masu zagi, kamar ba su ne suka hura wutar ba. Dattijon ɗan jaridar bai yarda da wannan gaba ɗaya ba, a cewarsa edita yana buga abin da ake dannawa ne, kuma masu dannawar suna zaune a kan bencinan nan.

Sunan da ba ya jawo gardama ko kaɗan shi ne Sonny Bill Williams, Musulmin da ya ci kofin duniya da New Zealand a 2011 da 2015, wanda a 2017 ya rufe tambarin wani banki a kwalar rigarsa ta kulob ɗin Blues saboda ƙin riba, hukumar ƙasarsa kuma ta amince masa bisa sharaɗin da ke cikin kwantiraginsa. Duk lokacin da aka ambace shi sai ɗakin ya cika da sambarka. Ba ni da ja a kan haka, illa dai in lura cewa yadda muke saurin karɓar uzurin wanda muke ƙauna shi ne ainihin abin da muke zargin jaridun waje da yi wa nasu.

Game da kafafenmu na gida, ƙorafin kowa ɗaya ne, kuma gajere ne. Shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Kano na ƙwallon ƙafa ne, sai ɗan dambe da Kano Pillars, zari-ruga kuwa ba ta shigowa sai an ci kofin duniya ko an yi abin kunya, ta yadda mai sauraro zai iya jin an dakatar da ɗan wasan da bai taɓa jin ya buga wasa ba.

Ga wanda yake son gwadawa, lokacin da ya fi dacewa shi ne watannin Yuli da Agusta, lokacin da manyan ƙasashe suke karawa kuma gasar Firimiya ba ta kankama ba, domin a lokacin ɗakin ba ya fuskantar barazanar ƙwacewa, zauren makwabta ma shiru yake. A zo da wuri a zauna kusa da talabijin saboda maganar alƙali, a kuma ware kamar awa guda bayan wasa domin zaman. Sabon ɗan kallo ba zai ji kunyar tambaya ba, domin Malam yana da haƙurin malanta, yakan maimaita dalilin da ya sa ajiye ƙwallo a bayan layi yake maki 5, bugun da ke biye da shi maki 2, ba tare da gajiya ba. Ga mai gidan kuwa, buƙatuna uku ne kuma babu mai tsada a ciki in ban da na farko: a mayar da bangon katakon na bulo, a riƙa liƙa sanarwa tun ranar Alhamis idan za a karɓe ɗakin, sannan a duk makon da labarin ya shafi Afirka ta Kudu a bar dattijon ɗan jaridar ya karanta shi kafin Malam ya yi nasa sharhin.